Lissafin sitires na zafi a bututun tururi bayan kammala nazarin tafiyar zafi a ANSYS

Ɗalibin Makanikal ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da injiniyoyin da ke wannan zaure a kan aikina na kammala digiri, wanda ya shafi wani guntun bututun ƙarfe da ke ɗaukar tururi daga tukunyar masana'anta zuwa wurin aiki. Tsawon guntun mita 1 ne, faɗinsa daga waje milimita 200, kaurin bangonsa kuma milimita 20. A zahiri akwai filanji, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure bututu da bututu da shi, mai kaurin milimita 60 a baki ɗaya, amma ban saka shi a cikin zanen ba tukuna, domin ina so in fara da abu mai sauƙi.

Na fara da Steady-State Thermal, wato nazarin zafi bayan ya natsu, a manhajar lissafin injiniya ta ANSYS Workbench. A ciki na sanya tururi mai digiri 300 da ma'aunin miƙa zafi 2000 W/m²K, a waje kuma iska mai digiri 22 da 25 W/m²K, saboda ba a naɗe wannan sashen da abin tare zafi ba. Sakamakon ya nuna bangon ciki yana kan digiri 296, na waje kuma 293, wanda a ganina bai saɓa wa hankali ba. Daga nan na haɗa Solution na nazarin zafi da Setup na Static Structural, zafin ya shigo a ƙarƙashin Imported Body Temperature ba tare da wani gargaɗi ba, na sanya Fixed Support, wato ɗaurin da ke hana motsi, a bakunan bututun biyu, sannan na ba da umarnin lissafi.

A tsakiyar bututun na samu sitires, wato ƙarfin ja ko matsi a cikin ƙarfe, kusan MPa 650, a gefen bakunan kuma ya haura 1,200. Da na ƙara tsananta raga, wato ƙananan ƙwayoyin da manhaja ke rarraba zanen a cikinsu, a wurin, sai lambar gefen ta ƙara tashi zuwa wajen 1,600, kuma babu alamar za ta tsaya. Ƙarfen da ke cikin ɗakin ajiyar manhajar yana fara saki ne a MPa 250. Malamin da ke duba aikina ya ce irin waɗannan bututu suna shekara da shekaru suna aiki ba su fashe ba, saboda haka in je in gano inda lambar ta fito. Shin hanyar da na bi wajen ɗauko zafin ce ba daidai ba, ko kuwa akwai wani saiti da ake kunnawa? Kuma a cikin waɗannan lambobi wacce ce ya kamata ta shiga rahoto? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Bututu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyar da ka bi wajen ɗauko zafin daidai take, haka kowa ke yi. Inda ya kamata ka duba shi ne yadda ka riƙe bututun.

Ɗauki biro da takarda kafin ka sake taɓa kwamfuta. Idan ƙarfe ya ɗumama, kowace mita tasa tana so ta ƙaru da alfa, wato ma'aunin buɗewar ƙarfe da zafi, sau bambancin zafi, kuma alfa na ƙarfen da ka zaɓa 0.000012 ne a kowane digiri. Matsakaicin zafin bangonka wajen digiri 294 ne, ka taso daga 22, bambancin kenan 272. Wato mita ɗayan nan tana so ta ƙara tsawo da milimita 3.3. Idan aka bar ta ta ƙaru, shi ke nan, babu wani sitires da zai taso komai yawan zafin, muddin zafin ɗaya ne a ko'ina. Idan aka hana ta, tamkar an bar ta ta miƙe ne sannan aka matse ta aka mayar da ita tsawonta na farko, kuma sitires ɗin wannan matsewa shi ne E, wato taurin ƙarfe, sau alfa sau bambancin zafi. Da E na MPa 200,000, kowane digiri ɗaya yana haifar da MPa 2.4. Ninka 2.4 sau 272, za ka samu 653. Ga 650 ɗinka nan. Manhajar ba ta yi kuskure ba, amsar tambayar da ka yi mata ce ta ba ka, sai dai ba ita ce tambayar da bututun masana'anta ke fuskanta ba.

Domin ka ga girman abin da Fixed Support ke nufi a nan, lissafa ƙarfin da ake bukata. Faɗin yankin bangon, idan aka yanka bututun a gicciye, kusan murabba'in milimita 11,300 ne. Ninka shi da 650, za ka samu sama da niyuton miliyan 7, wato nauyin kusan tan 750 yana tura kowane baki. Babu bangon masana'anta ko ƙarfen rataya da zai tsaya cak a gaban wannan ba tare da ya motsa ko da rabin milimita ba, kuma da zarar ya motsa kaɗan, sitires ɗin ya ragu. Shi ya sa idan ka shiga wurin da ake aiki da tururi za ka ga bututun ba ya tafiya a miƙe na dogon zango: ana yi masa lanƙwasa mai siffar U, ana ɗora shi a kan madogara mai zamewa, wani lokaci a saka masa mahaɗa mai naɗewa, duk domin a ba wa wannan milimita uku da ɗoriya wurin zuwa. Lissafin wannan ɓangare aikin dukan layin bututun ne, ana yin sa da manhajoji irin su CAESAR II ko AutoPIPE bisa ƙa'idar B31.1 ta ASME, ƙungiyar injiniyoyin makanikal ta Amurka, ba da guntun mita ɗaya ba.

Lambar gefe da ke ta hauhawa kuwa wani abu ne daban. Fixed Support yana hana motsi ta kowace fuska, har da buɗewar faɗi. Rabin faɗin bututunka milimita 100 ne, kuma yana so ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku na milimita. A kan fuskar da ka ɗaure ka ce ƙaruwar sifiri ce, amma ɗan gaba kaɗan ƙarfen yana da 'yancin buɗewa, saboda haka a kan kusurwar nan lissafin ba shi da iyaka, kuma duk lokacin da ka rage girman ƙwayoyin raga lambar za ta ƙara tashi. Wannan lamba ba ta shiga rahoto. Tasirin irin wannan ɗauri yana mutuwa ne a tazarar kusan ninki biyu da rabi na tushen murabba'in rabin faɗi sau kauri, wanda a wurinka ya kama wajen milimita 100 daga baki.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka bar zane mai fuska uku ka koma mai fuska biyu irin na Axisymmetric, tunda bututun zagaye ne kuma zafin ɗaya ne a kewaye. Raga za ta yi ƙanƙanta, za ka iya tsananta ta yadda kake so ba tare da ka ci karo da iyakar da aka sanya wa sigar ɗalibai ba. A baki ɗaya ka hana motsi ta tsawo kawai, ka bar faɗi ya buɗe. Ɗaya bakin ka bar shi ya tafi, amma ka ɗaure mahaɗun ragar da ke kansa, wato ɗigon da ƙwayoyi ke haɗuwa, su riƙa motsi tare, domin fuskar ta zauna a shimfiɗe kamar yadda take a tsakiyar dogon bututu. Idan dole sai mai fuska uku, yanki kwata ka sanya Frictionless Support a fuskokin da ka yanka. Ka yi hattara da zaɓin Plane Strain idan ka yanka bututun a gicciye, domin yana ɗauka cewa tsawo ba ya canzawa ko kaɗan, wato zai dawo maka da wannan 650 ɗin ta bayan gida.

Kafin ka yarda da sabon tsarin, gwada shi da abin da ka san amsarsa. Cire zafin da aka shigo da shi, ka ɗumama dukan bututun da digiri 100 daidai wa daida. Idan madogararka ba ta takura komai ba, tsawo zai ƙaru da milimita 1.2, sitires kuma zai zama kusan sifiri a ko'ina. Idan ka ga wani jan launi mai nuna sitires a kusa da madogara, to har yanzu tana riƙe abin da bai kamata ta riƙe ba.

Mai Abaqus ya rubuta:

Ƙari a kan bayanin Injiniya, akwai lamba ɗaya da mutane ke wucewa ba su duba ba, ita ce zafin da manhaja ke ɗauka a matsayin wanda ƙarfe ba shi da wani sitires a kansa. A Workbench yana ƙarƙashin Environment Temperature kuma yana zuwa da digiri 22, a manhajar COMSOL kelbin 293.15 ne, wato digiri 20, a manhajar Abaqus kuwa idan ba ka sanya zafin farko ba, sifiri za ta ɗauka. Ainihin lambar da ta dace ita ce zafin ƙarfen a ranar da aka yi masa walda ta ƙarshe aka ɗaure shi a wurinsa. Bututun da aka haɗa da tsakar rana a watan Afrilu a Kano, lokacin da iska kanta ke kai digiri 40, ba ɗaya yake da wanda aka haɗa da asubar hunturu ba, kuma a sashen da ke takure kowane digiri yana da farashin MPa 2.4 ɗin da Injiniya ya lissafa.

Abu na biyu, ƙarfen da ke zuwa da manhajar lambobinsa na zafin ɗaki ne. A digiri 300 taurin ƙarfe mai ƙarancin kabon yana sauka daga wajen GPa 202 zuwa 185 a teburin ASME, saurin tafiyar zafi a cikinsa kuma yana sauka zuwa wajen 44 W/mK idan aka bi lissafin ƙa'idar Turai ta EN 1993-1-2, alhali manhajar tana amfani da 60.5. Alfa kuma tashi yake yi, sannan iri biyu ne a littattafai. Akwai matsakaicin alfa daga digiri 20 zuwa zafin da ake magana, wanda a 300 ya kama wajen 0.0000133, akwai kuma alfa na daidai wannan zafin, wanda ya kama wajen 0.0000144. ANSYS tana karɓar kowanne, amma a gurbi daban, ɗaya Secant ɗaya Instantaneous. Idan ka kwafo na biyu ka zuba a gurbin na farko, ka ƙara wa sakamakonka kusan kashi 8 cikin ɗari ba tare da wani gargaɗi ya fito ba.

Ga masu bin wannan tattaunawa da Abaqus ko CalculiX, waɗanda ba su san ma'auni ba sai abin da ka ba su: idan zanenka a milimita yake, nauyin ƙarfe zai zama 7.85e-9, zafin da yake riƙewa 4.34e8, sannan 2000 W/m²K zai koma 2 kacal. Kuskure a nan ba ya bayyana a nazarin zafi mai zaman daram, domin nauyi da riƙon zafi ba sa shiga lissafinsa, sai ranar da aka shigo da lokaci.

Ɗalibin Makanikal ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam. Na sake zanen a Axisymmetric, gwajin digiri 100 ya ba da milimita 1.2 da sitires da bai kai ko MPa 0.001 ba. Da na dawo da zafin da aka shigo da shi, kafin ma in canza lambobin ƙarfen, sai na samu matsi na kusan MPa 4 zuwa 5 a bangon ciki, da ja na kusan haka a bangon waje. Na gwada da hannu da tsarin bango siriri, wato E sau alfa sau bambancin zafin ciki da waje, a raba da biyu sau 0.7 (ɗaya a cire 0.3, ma'aunin Poisson na ƙarfe), ya ba ni 4.3. Tunda haka ne, zan iya rubuta cewa sitires na zafi a wannan bututu ba abin damuwa ba ne, in mayar da hankali a kan furesha, wato matsin tururin da ke cikin bututu, kawai?

Malamar Fasaha ta rubuta:

Kada ka rubuta haka tukuna, ɗana. Lambar da ka samu daidai ce, amma ta lokacin da bututun ya riga ya ɗumama ya natsu ce, kuma wannan shi ne lokacin da ya fi samun sauƙi a duk rayuwarsa. Wahalarsa tana cikin daƙiƙun farko bayan an buɗe bawul, tururi mai digiri 300 ya faɗa wa ƙarfe mai sanyi. Fatar ciki tana ɗaukar zafi nan take tana neman buɗewa, sauran kaurin bangon kuwa bai ji komai ba tukuna, saboda haka shi ne ke zama madogarar da ke hana ta. A nan babu ruwan yadda ka riƙe bakunan, ƙarfen ne ke takura kansa, kamar yadda kofin gilashi mai kauri ke tsagewa idan aka kwarara masa tafasasshen shayi.

Za ka iya kimanta girman abin kafin ka kunna Transient Thermal. Mafi munin da zai iya faruwa shi ne fatar ciki ta kai digiri 300 alhali sauran bangon yana 22, kuma tunda an hana ta buɗewa ta fuska biyu, tsawo da kewaye, sitires ɗin zai zama 2.4 sau 278 a raba da 0.7, wato kusan MPa 950. Ba a kai wa wannan a zahiri, saboda tururi ba ya iya miƙa zafi da saurin da ba shi da iyaka. Abin da ke nuna kason da za a samu shi ne lambar Biot, wato ma'aunin miƙa zafi sau kauri a raba da saurin tafiyar zafi a ƙarfe. A wurinka 2000 sau 0.02 a raba da 60.5, ya ba da kusan 0.66. A irin wannan lamba, lissafin shimfiɗaɗɗen bango yana ba da kusan kashi 16 cikin ɗari na wancan mafi munin, wato matsi na wajen MPa 150 a fatar ciki. Ka kwatanta shi da 4 ɗin da kake shirin rubutawa. Idan ka saka 44 a maimakon 60.5 zai ƙara tashi, kuma idan tururin ya riƙa komawa ruwa a kan bango mai sanyi, wanda shi ne abin da ke faruwa da farko, ma'aunin miƙa zafin yana iya ninka 2000 ɗin sau da yawa.

Lokacin da abin ke kai ƙololuwa shi ma ana iya sanin sa. Murabba'in kauri a raba da saurin yaɗuwar zafi (wato saurin tafiyar zafi a raba da nauyi sau riƙon zafi) yana ba da kusan daƙiƙa 22 a bango mai milimita 20, kuma ƙololuwar tana zuwa a wajen rubu'in wannan, daƙiƙa 5 zuwa 6 bayan buɗe bawul. Wannan yana da muhimmanci a wajen haɗa nazarin biyu, domin idan ka ja layi daga Transient Thermal zuwa Static Structural ba ka taɓa komai ba, zafin lokacin ƙarshe za ta ɗauko, kuma za ka sake ganin MPa 4 ka ɗauka ka gama. Dole ka shiga teburin Imported Body Temperature ka gaya mata lokutan da kake so, ko ka ce ta ɗauko duka, sannan ka zana sitires a kan lokaci ka ga inda ya yi tsini. Kada ka zaɓi lokacin da zafi ya fi yawa, zaɓi lokacin da tazarar da ke tsakanin zafin fatar ciki da matsakaicin zafin bango ta fi faɗi.

Raga ma sai an sake ta. Ƙwayoyi biyu ko uku a kauri sun isa nazarin da ya natsu, amma a daƙiƙun farko mafi yawan sauyin zafin yana kusa da fatar ciki, saboda haka ka sanya aƙalla goma, ƙanana a ciki suna girma zuwa waje. Akwai kuma alaƙa tsakanin girman ƙwaya da taƙin lokaci: idan taƙin ya yi ƙanƙanta fiye da murabba'in girman ƙwaya a raba da shida sau saurin yaɗuwar zafi, ƙwayoyi masu mahaɗa a tsakiyar gefe suna iya nuna maka zafin da ya sauka ƙasa da digiri 22 a bayan fatar, abin da ba zai yiwu ba. Idan ka ga haka, raga ce ke bukatar tsanantawa a wurin.

Sannan ka dawo da filanjin. Lokacin ɗumama yana tafiya ne da murabba'in kauri, saboda haka abin da ya ninka bango sau uku a kauri yana iya ɗaukar kusan ninki tara na lokacin. Bututun zai riga ya buɗe faɗinsa alhali filanjin yana nan da sanyinsa yana riƙe da shi, kuma lanƙwasar da wannan ke haifarwa tana sauka ne a wuyan da aka yi walda. A ganina a nan ne ainihin aikin digirinka yake, ba a tsakiyar bututun ba.

Injiniyan Bututu ya rubuta:

Na yarda da Malama a kan lissafin, sai dai ina so in ja hankali kada ɗalibin ya koma ɗaya gefen, ya ga MPa 150 ko 300 a wuyan filanji ya kwatanta da 250 ya ce bututun ya lalace. Sitires na zafi ba a auna shi da ma'aunin da ake auna na furesha. Furesha ba ta raguwa don ƙarfe ya saki, tana ci gaba da turawa har sai bango ya fashe. Na zafi kuwa iyakarsa 'yar tazarar da ƙarfe ke nema, da zarar fatar ta ɗan saki ta samu wannan tazara, ƙarfin ya ragu da kansa. Shi ya sa ASME, a Sashe na VIII Kashi na 2, ta sanya na furesha a rukunin farko, na zafi kuma a rukuni na biyu, kuma ta yarda jimillar sauyin na farko da na biyu ta kai har ninki biyu na matakin saki, ko ninki uku na sitires ɗin da aka halatta. Ba a kuma ɗaukar lambar da ta fi ja a hoton, ana ja layi ne a gicciyen kauri da Linearized Stress, a raba shi zuwa kason da ke daidai a duk kaurin, da na lanƙwasa, da tsinin da ke kan fata.

Haɗarinsa na gaskiya maimaituwa ne. Masana'antar da ke kunna tukunya kowace safiya ta kashe da dare tana lanƙwasa wannan fata gaba da baya sau ɗaruruwa a shekara, kuma sanyaya ta fi ɗumama illa, saboda idan ruwa mai sanyi ya taɓa bango mai zafi, fatar ciki ja take shiga ba matsi ba, ja kuwa shi ke buɗe tsaga. Misalin da aka fi sani shi ne na tashar nukiliya ta Civaux a Faransa a watan Mayun 1998, inda wata gwiwar bututun sitenles ta tsage tsawon kusan santimita 18 a kusa da wurin da ruwan zafi da na sanyi ke gauraya, alhali tashar sabuwa ce. Sitenles ya fi shan wahala a irin wannan, domin alfansa wajen 0.000017 ne, zafi kuma ba ya tafiya a cikinsa sai da wajen 16 W/mK, wato yana son buɗewa da yawa kuma yana riƙe bambancin zafi a wuri ɗaya.

Abin da zai sa rahoton ya yi amfani ga mai masana'anta shi ne ka gudanar da nazarin sau biyu, ɗaya da buɗe bawul gaba ɗaya, ɗaya da ɗumamawa a hankali. Idan zafin fatar ciki yana tashi da digiri 5 a minti, tazararsa da matsakaicin zafin bango mai milimita 20 ba ta kai digiri ɗaya ba, sitires ɗin kuma wajen MPa 2 ne. Wannan ne dalilin ƙaramin bawul ɗin gefe da ake buɗewa da farko, da kuma zubar da ruwan da ya taru kafin a saki tururi sosai.

Ɗalibin Makanikal ya rubuta:

Madalla, na fahimta. Tambaya ɗaya ta rage, Malama. Na ga akwai Coupled Field a cikin jerin nazarce-nazarcen manhajar, wanda ke lissafa zafi da sitires a lokaci guda. Shin ba zai fi inganci in yi amfani da shi ba idan na saka filanjin?

Malamar Fasaha ta rubuta:

Ya danganta da yadda za ka zana filanjin. Lissafi a jere, zafi da farko sannan sitires, yana ɗauka cewa motsin ƙarfe ba ya canza tafiyar zafi, kuma a bututu da filanjin da aka yi musu walda suka zama jiki ɗaya wannan gaskiya ne, saboda haka haɗa su wuri ɗaya ba zai ƙara maka komai ba sai tsawon lokacin jira. Ana bukatar haɗaɗɗen lissafi ne idan motsin yana buɗe ko rufe wata tazara da zafi ke bi, ko idan gogayya ce ke haifar da zafin kamar a faifan birki. Idan za ka zana filanji biyu da gasket, wato abin toshe yoyo da ke tsakaninsu, da kusoshin ɗauri, to ka shiga wannan rukuni, domin yawan zafin da ke ratsa mahaɗar ya dogara da ƙarfin matsewarta, kusoshin kuma suna ɗumama a makare fiye da filanjin, abin da ke canza ƙarfin ɗaurin a lokacin tashi.

Ga aikin digiri na farko, filanji ɗaya a jikin bututu ya wadatar. Ka yi amfani da raga ɗaya a nazarin biyu idan zai yiwu, domin kada a bukaci kimanta zafi tsakanin mahaɗu. Idan ka bambanta su, buɗe hoton zafin da aka shigo da shi ka ajiye kusa da na asali a lokaci ɗaya, ka tabbatar mafi girma da mafi ƙanƙanta sun yi daidai kuma babu mahaɗar da aka bari ba zafi. Ka zana wuyan filanjin da ainihin lanƙwasarsa, kada ka bar shi kusurwa mai kaifi, in ba haka ba lambar da ke hauhawa da tsananta raga za ta sake fito maka a can. Idan ka samu zanen sitires a kan lokaci na wuyan da na tsakiyar bututu, ka ɗora su a nan tare da lambobin ƙarfen da ka yi amfani da su mu duba.